Yadda Anti Ta Rage ma Sikana Ihu

Ba a kashe sikanar ba, jama'a, kuma Anti tana nan daram a kujerarta ta bakin taga. Oga da bakinshi ya ce a bar ta. Na san daga wutsiya na faro, amma abin ya cika mani ciki, dole in fara fitar da wannan. Yanzu ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Ni ɗalibar kwamfuta ce a Samaru. Ɗakina yana Bomo, can bayan gonakin masara, inda netwok sai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Da lokacin fita koyon aiki ya zo, 'yan ajinmu suka bazama, masu ƙafa suka yi Kaduna da Abuja. Ni kuwa na samu wani ɗan ofis a Sabon Gari, cikin Unguwar Gabas, a saman shagon masu sayar da tayil. Kullum da safe in tako daga Bomo in hau bas, a loda mu kamar buhunan tattasai, in sauka in haye bene ina haki.

Aikin ofishin guda ɗaya ne, manhajar duba sakamako ta makarantun kuɗi. Uba ko uwa su shiga da waya, su sa lambar yaro, sakamakon zango ya fito, in suna so su danna su buga shi a takarda. Mutum uku na tarar. Akwai Oga, mai wurin. Iyayenshi daga kudu suka zo, amma a Sabon Gari aka yanke mashi cibiya, Hausa a bakinshi har da karin magana, sai ranshi ya ɓaci yake juyewa buroka, Turancin nan na kasuwa. Akwai Injiniya, wanda ya rubuta yawancin kod ɗin, wato rubutun da ke tafiyar da manhajar, gaye ne na gaske, hannu da sauri, baki ya fi hannun. Sai Anti.

Anti 'yar Zariya ce, a Jushi take zaune da iyayenta. Babanta malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mamanta kuma jigo ce a zumuntar mata ta cocinsu. Ba ta da hayaniya ko kaɗan. Za ka iya wuni da ita ba ka ji muryarta ba sai in ta ce a rage fanka. An ɗauke ta ne don ta kula da tsaron manhajar, kuma ita ta kawo sikanar.

Ga wanda ba ɗan harka ba, sikana wata manhaja ce da ke bin kod ɗin da aka rubuta layi-layi, tana neman ƙofar da ɓarawo zai iya shiga ya kwashi bayanan mutane. Duk inda ba ta yarda ba sai ta yi ja. To tamu dai ja kawai ta iya. Ka kunna ta, gargaɗi ya zubo ɗaruruwa, ka yi ta gangarawa ba ka ga ƙasa ba. Kuma yawanci ihun banza ne. Ka bi ka duba, ka tarar ƙofar a kulle take. Ranar farko ka duba goma, rana ta biyu ka duba uku, daga nan ka daina kallo gaba ɗaya. Abin da ya faru kenan tun kafin in zo. Ga shi kuma Anti ta sa doka, ba a fitar da sabon aiki sai an bi ta kan gargaɗin.

Injiniya akuya yake ce mata.

"Anti, akuyarki ta fara kuka."

"Ina jin ta, Injiniya."

"Wannan ko an cika mata kwano da dusa ba za ta yi shiru ba. Ki kai ta kasuwar Tudun Wada mu huta."

Sai ta yi murmushi kawai ta ci gaba da abin da take yi.

Wata Litinin Oga ya fito daga ɗan lungunshi da kofin shayi a hannu, ya tsaya a kanta.

"Madam, ni ban ce ba ki san aikinki ba. Amma abin nan kullum ja, kullum ja. Injiniya ya gama gyara tun makon jiya, na'urarki ta shaƙe mashi wuya. Makarantu sun kusa sa sakamako. Ranar Juma'a ki nuna mani abin da mutum zai karanta ya gama kafin shayinshi ya huce. In bai yiwu ba mu cire ta." Ya kurɓi shayin. "Kuma in an cire ta, ke ma kin san ofishin nan ƙarami ne."

Bai ƙarasa ba, amma har ni 'yar koyo na gane. In sikana ta tafi, kujerar bakin taga ma ta tafi.

"To, Oga," in ji Anti. "Allah ya kai mu Juma'ar."

Yana shigewa na jawo kujerata kusa da ita. Ni fa a dipatmen an san ni da yatsa. Kafin a gama tambaya a gurup na amsa, na sa sitika, na ƙara da tsokana. Na ce mata, "Anti, ba akwai wurin da ake dannawa a ƙyale gargaɗi ba? Ki ba ni laftof ɗin. Wallahi kafin azahar na share maki su tas, Oga ya zo ya ga fari fat."

Ta juyo ta dube ni. "'Yar Bomo, kin taɓa tsince shinkafar gida?"

"Ni da taliyar leda ta riƙe ni tun aji ɗaya?"

Ta yi dariya, karon farko da na ji dariyarta sosai. Ta ce in matan zumunta za su yi girkin biki a coci, shinkafar gida suke saya saboda ta fi auki, ita kuwa sai an tsince. Mamanta ke raba ma 'yan mata faifai. Amma kafin ta miƙa maki naki, sai ta jefa wasu tsakuwoyi nata a ciki, waɗanda ta san kamanninsu, ta juya. In kin dawo kin ce kin gama, ba ta kallon shinkafar. Hannu take miƙo maki, ki ba ta tsakuwoyinta.

"In babu su," in ji Anti, "to shinkafar ba ta tsintu ba, komai kyanta a ido. Ke so kike mu kai ma Oga faifai mai kyau. Ni so nake kar haƙorin wani ya karye."

Abin da ta fara yi kenan, kafin ta taɓa sikanar. Ta buɗe kwafin gwaji na manhajar, wanda ba ya haɗe da kowace makaranta, yaran da ke ciki ma na ƙirƙira ne. Ta rubuta ɓarna da gangan a wurare daban-daban, ƙofofi a buɗe, irin waɗanda ɓarawo ke so. Su ne tsakuwoyinta. Ta kunna sikanar, ta kama su duka. Ta ce daga yanzu duk gyaran da muka yi mata don ta rage ihu, sai mun dawo mun tambaye ta tsakuwoyin nan.

Ranar Talata ta gano babban dalilin ihun. Ashe Injiniya ya rubuta wani ɗan guntun kod da ya sa ma suna wanke. Duk abin da mutum ya rubuta a manhajar sai ya bi ta cikinshi, ya cire alamomin da ɓarayi ke cusawa. Sikanar kuwa a waje aka ƙera ta. Ta san masu wanki na duniya da kowa ke amfani da su, amma ba ta taɓa jin labarin namu na Unguwar Gabas ba. Don haka duk abin da ya bi ta wanke, a wurinta da dauɗarshi yake.

"Ai na faɗa," in ji Injiniya. "Ki gaya mata ta yarda da shi, shi kenan."

Anti ba ta gaya mata ba tukuna. Ta zauna tun safe tana jefa ma wanke ƙazanta iri-iri tana kallon abin da zai fito. Injiniya ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa.

"Wato ba ki yarda da wankina ba kenan."

"Na yarda da kai, Injiniya. Sabulun nake gwadawa."

Can wajen azahar ta ɗago, ta faɗa da ƙarfi yadda har Oga zai ji daga lungunshi, "Wankin nan ya fita. Wanda ya rubuta shi ya san abin da yake yi." Injiniya ya yi kamar bai ji ba, amma na ga yana gyara kwalar riga. Sai a lokacin ta koya ma sikanar cewa abin da ya bi ta wanke mai tsabta ne. Muka kunna. Fiye da rabin jan ya zube. Muka nemi tsakuwoyi, duk suna nan. Ni har na fara rawa a kan kujera.

Laraba ce ta ba ni haushi, kuma ita ce ranar da na san Anti ƙarshe ce. Ta wuni tana tsara wata ƙa'ida da za ta rufe bakin wani nau'in gargaɗi mai yawan maimaituwa. Da yamma muka kunna, jerin ya tsuke, ya yi kyau, har ana ganin ƙasanshi. Na ce, "Anti, kin gama da su. Oga zai sha shayinshi da zafi."

Tana bin tsakuwoyinta ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ba ta fito ba. Sabuwar ƙa'idar ta rufe ihun banza, ta haɗa da na gaskiya guda ta rufe. Ina kallo ta goge aikin wunin nan gaba ɗaya, jan ya dawo ya cika allo.

"Haba Anti. Tsakuwa ɗaya ce fa. Kuma ke kika sa ta da hannunki."

"Shi ya sa na san ta ɓata. Wadda ban sa ba fa, wa zai gaya mani?"

Ta rufe laftof, ta ɗauki jaka, ta ce tana da koyon waƙa a coci. Ko tsaki ba ta yi ba. Ni ce na yi ta yi a madadinta har Samaru, har kwandasta ya tambaye ni ko canjina bai cika ba.

Ranar Alhamis aka wayi gari da ruwa. Na iso a jiƙe, na tarar tana kallon wani abu tana girgiza kai. Ta ce in zo in gani. Gargaɗi ɗaya ne yake fitowa sau da yawa, kalma ɗaya, layi ɗaya, folda ce kawai daban.

To a nan sai ɗan gida zai gane. Mu nan ba mu yarda da wuta ba, ba mu yarda da janareta ba, ba mu yarda da netwok ba. Kafin mutum ya taɓa wani babban abu, sai ya kwafi foldar gaba ɗaya ya ajiye a gefe, nan cikin aikin, ko da wuta za ta ɗauke ana tsakiyar gyara. Kuma ba a taɓa gogewa, don wa ya sani. Haka suka taru a manhajarmu shekara da shekaru. Akwai sabo. Akwai sabo biyu. Akwai na ƙarshe, da na ƙarshe na gaske, da kar a taɓa. Akwai wata can ƙasa mai suna na ƙarshe wallahi. Sikanar baiwar Allah ba ta san al'adarmu ba, duk sai ta bi ta karanta, ta yi ihu a kowace.

Injiniya ya yi dariya har da buga tebur. "Gawarwaki ne duk. Ki ce mata ta daina shiga maƙabarta, ki ga aiki."

Gaskiyarshi ta wani fannin. Layi ɗaya za ta rubuta, sikanar ta tsallake foldodin nan duka, jerin ya koma ɗan mitsitsi, gobe ta tsira da aikinta. Kuma tsakuwoyinta ba a ciki suke ba, ba abin da zai nuna.

"Ko gawa ai sai an taɓa an tabbatar kafin a ɗauka," in ji Anti. Ta juyo wurina. "'Yar Bomo, yau ranar yatsanki ce. Fito da wayarki."

Ga yadda muka yi. Ta cire folda ɗaya daga kwafin gwaji. Ni kuma in shiga da waya kamar uwar yaro, in sa lamba, in duba sakamako, in shiga ko'ina, in danna duk abin da ke dannuwa. In komai ya yi aiki, to foldar ta mutu da gaske, sai a ce ma sikana ta bar ta. Sai ta gaba. Aikin gundura ne, ba ƙarya. Ruwa na dukan kwano, masu tayil a ƙasa suna yanka da injinsu mai ƙarar tsiya, mai awarar bakin layi ta aiko mana a leda muna ci da hannun hagu. Sabo ta mutu. Sabo biyu ta mutu. Kar a taɓa ma, da aka taɓa ta, ba abin da ya faru.

Aka zo kan na ƙarshe wallahi. Ta cire. Na shiga, na sa lamba, sakamako ya fito lafiya lau. Na danna wurin bugawa a takarda. Fari fat, ba komai.

"Anti, ya mutu."

"Netwok ne?"

"Ba netwok ba ne, ga saƙonni suna shigo mani."

Ta mayar da foldar. Na danna, ya yi aiki. Ta sake cirewa, ya sake mutuwa. Gawar nan da ranta.

Injiniya ya taso ya tsaya a bayanmu, dariyar ta ɗauke. "Ba ni ba ne," ya ce. Sai ya rage murya. Ya ce zangon da ya wuce ya tafi bikin ƙanwarshi, shafin bugawa ya lalace, wata shugabar makaranta ta dami Oga da waya. Oga da kanshi ya zauna ya juya maɓallin bugawar zuwa tsohuwar foldar, tunda ita tana aiki. Aka wuce wurin, kowa ya manta. Ita kuwa foldar ta girmi wanke. Abin da aka rubuta a cikinta ba ya bi ta wanki ko kaɗan.

Anti ta buɗe gargaɗin da sikanar ta yi a foldar. Ta rubuto mani wasu 'yan alamomi, ta ce in sa su a wurin lambar yaro. Na sa, na danna. Sakamakon aji guda ya zubo a wayata, da sunaye, da lambobin wayar iyaye. Na gwaji ne, amma sai da na ajiye awarar da ke hannuna. Duk wannan lokacin sikanar tana faɗa, muryarta ce ta ɓace cikin ihun banza.

Ni fa nan take kaina ya kawo wuta. Na ce, "Anti, kin samu Oga a hannu. Ki bari sai gobe, yana zaune da shayinshi, a gaban kowa, ki gasa mashi aya a hannu."

"Lambobin iyayen yara su kwana a buɗe don ni in yi burga gobe?" Ta riga ta miƙe. "Taso da wayarki."

Ta ƙwanƙwasa lungun Oga. Ta ce mashi akwai abin da ba zai jira Juma'a ba. Ta sa na sake yi a gabanshi. Ya karɓi wayar, ya gangara, ya gangara.

"Na gwaji ne wannan, Oga," in ji ta. "Amma na wajen ma haka yake."

"Wa ya haɗa maɓallin da wannan tsohuwar folda?"

Injiniya ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar yau ya fara ganinshi. Ni na ƙura ma Anti ido, ina jira.

"An haɗa ne lokacin da aka matsu, Oga. Gyaran ba shi da wuya, yau ɗin nan za a gama."

Iyakar abin da ta ce kenan. Oga ya sake duba sunan foldar. Na ga lokacin da abin ya faɗo mashi. Ya yi wata 'yar magana da buroka can ƙasa-ƙasa, yana kiran sunan Allah, sannan ya ajiye wayar.

"Ni ne," ya ce. Ya shafa kai. "Makarantar 'yata ma da wannan suke duba sakamako. Lambar matata tana ciki."

Injiniya ya koma tebur ya jawo laftof, Anti ta ja kujera ta zauna kusa da shi. Ban taɓa ganin su sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa ba sai ranar. Kafin a tashi sun mayar da maɓallin kan sabon kod, sun toshe ƙofar. Na sake sa alamomin nan, manhajar ta ce lambar ba daidai ba ce.

Juma'ar ma ba wani dogon abu aka yi ba. Oga ya fito da kofinshi, ya zauna a gaban laftof ɗin Anti. Gargaɗin da suka rage ba su cika allo ɗaya ba. Ya nuna ɗaya, ta yi bayani. Ya nuna wani, ta ce wannan ba ta tabbatar ba tukuna, shi ya sa ta bar shi. Ya kai ƙasa, ya ɗaga kofin, tururi na tashi.

"A bar ta," ya ce. "Kuma daga yau in ta yi ja, ni ma a kira ni."

"Akuya ta samu ƙarin girma," in ji Injiniya. "Anti, sai ki yi mana walima."

"Kai za ka saya, tunda foldodinka ne suka fi yawa."

Ni na so a yi ihu, a ɗauki hoto, a sa a sitatus. Anti kuwa godiya kawai ta yi ma Oga, ta gyara zama a kujerarta ta bakin taga, ta ce, "'Yar Bomo, zo mu tambaye ta tsakuwoyinmu." Muka kunna. Duk suna nan.

Yanzu in sikanar ta yi ja, Injiniya ne farkon mai leƙawa, yana mita yana dubawa. Ni kuma da na koma Bomo ranar, na buɗe furojet ɗina na makaranta, na ga foldodina a jere, har da wata mai suna wannan ne dai. Na yi dariya ni kaɗai har maƙwabciyata ta buga bango.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura ma wani. Ku sa a gurup ɗin ajinku, ku tura ma 'yan koyon aiki, musamman wanda kuka san sikanarshi na damunshi kuma yatsanshi na ƙaiƙayi.